Keken da Ya Bar Shago

Shekara ashirin ina taka keke
a shagona na bakin kasuwar Yelwa,
ƙafa na tafiya, ni ina zaune.
Na ɗinka wa rabin gari sutura
ban matsa ko taku ɗaya ba.
Ran da likita ya ɗaura min awo a dantse
ya dubi allo, ya dube ni, bai ce komai ba.
Shirun nan ne ya tashe ni tsaye.

Arzika ya koya min ruwa,
Bagunge mai kwalekwale ɗaya da haƙora shida.
Ya ce, "Tela, kogi ba yadi ba ne,
ba a yanka shi, lallaɓa shi ake."
Wata uku ina shan Kwara ta hanci
kafin ta yarda ta goye ni.

Na sayi keken gwanjo, siriri kamar yunwa,
sirdinsa bai san mutunci ba.
Na yi gudu bayan asham cikin azumi,
karnukan unguwa suka haddace ni.
Lantana ta ce, "Wa ke bin ka bashi
da kake gudu ba ka waiwaye?"
Amma ita ke jiƙa min tsamiya,
ita ke gasa min gwiwa da tsumma.

Ranar, mu goma sha tara ne a bakin ruwa,
asuba ba ta gama wanke ido ba.
Kilomita kusan huɗu.
Wani ya haure ni a baki, na haɗiye ashar.
Arzika na gefe da filafili,
idonsa ɗaya a kaina, ɗaya yana neman dorina.
Na fito ina tangaɗi kamar ɗan maraƙi.

Sai kwalta: ɗari da tamanin.
Shanga ta wuce, Koko ta wuce, na juyo,
iska ta dafe min ƙirji ta ce ban isa ba.
Taya ta sace a gaban wani mai fetur a kwalba,
yaron ya ara min famfo, ya ƙi karɓar ko sisi,
ya ce, "Baba, an kore ka ne?"
Na yi taimama a gefen hanya,
na haɗa azahar da la'asar,
ruku'u ya yi daɗi har na so in zauna a cikinsa.
Dabino bakwai, ƙuli-ƙuli, ruwan gishiri da sukari.

Da na sauka, ƙafafun suka ce ba su san ni ba.
Saura arba'in da biyu.
Rana ta faɗi ina goma sha ɗaya.
A talatin na zauna kan kwalbati,
farcen babban yatsa ya rabu da ni cikin safa,
na yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani sai kwaɗi.
Can na tuna babbar riga:
ba wanda ke ɗinka ta gaba ɗaya,
allura sau ɗaya take shiga, ta fita, ta sake.
Na tashi.
Na ɗinke hanyar da ta rage,
ɗinki karkatacce, irin na sabon yaron shago,
amma bai warware ba.

Ni ne na ƙarshe.
Har sun fara naɗe rumfa,
janareta na tari, mai lasifika ya tafi gida.
Lantana da Arzika suka kama igiyar shanya,
ɗaya nan, ɗaya can,
na ture ta da ƙirji.

Washegari na buɗe shago da rarrafe.
Alhaji Nomau na tsaye, yana duba agogo:
"Tela, ina kaftanina?"
Na ɗora ƙafa kan keken, ta yi rawa, ta ƙi.
Na ce, "Alhaji, jibi."
Karon farko a rayuwata
da na ce jibi ina da hujja.